Lemon Citta Mai Kumfa

In an buɗe kwalbar lemo sai ku ji ta yi tsaki, ku ga 'yan ƙwayoyin iska suna ta tasowa daga gindinta suna fashewa a sama. In mutum ya kurɓa sai ya ji suna tsikarin harshensa, jim kaɗan kuma ya yi gyatsa. Yara da yawa suna tsammani wannan kumfa wani sirri ne wanda ba mai iya shi sai masu injuna. To, ba haka ba ne. Ana iya yin lemon citta mai kumfa a gida. Amma ya kamata mai yi ya fara sanin inda kumfar ta ke fitowa, gama hanyoyin samunta biyu ne. Ɗaya lafiya lau ce, ɗaya kuwa ta kan fasa kwalba, ta kan kuma juya lemo ya zama abin da bai halatta a sha ba.

Citta

Bari mu fara da cittar kanta. Wadda mu ke nufi ita ce citta mai yatsu, wadda a ke sa wa kunu da fura da yaji. Daban ta ke da citta mai ƙwaya. Mutane su kan zaci saiwa ce don a ƙasa a ke tono ta, amma a gaskiya jikin tsiron ne wanda ke tafiya a kwance a ƙarƙashin ƙasa. In kun duba ta da kyau za ku ga gaɓoɓi da 'yan idanu. Daga waɗannan idanu ne sabon tsiro ya ke fitowa. Saboda haka manomi ba ƙwaya ya ke shukawa ba, sai dai ya ɓaɓɓalla cittar, ya binne kowane ɓalli mai ido.

Asalinta daga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ne, daga can fatake suka yaɗa ta cikin duniya tun zamanin da. Ƙasar Indiya ce ta fi kowace ƙasa nomanta. Nijeriya ma tana cikin manyan masu noma ta, mafi yawa kuwa a kudancin Jihar Kaduna, wajajen Kachia da Kwoi da Kagarko da Kafanchan. A kan shuka ta a farkon damina, a tone ta bayan wata 7 zuwa 9, sa'ad da ganyenta ya yi ja ya fara bushewa. Wadda za a kai nesa a kan tsaga ta, a shanya a rana har ta bushe ƙarau. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta na kudancin Kaduna, ta ruɓar da amfani mai yawan gaske. Manoma suka yi hasara babba, citta kuma ta yi tsada a kasuwanni.

Busasshiyar citta ta fi ɗanya yaji, amma ɗanya ta fi ƙanshi. Don haka ɗanya a ke so wajen yin lemo.

Sunan Lemon da Asalinsa

Mutanen ƙasarmu sun daɗe suna jiƙa citta da tsamiya ko lemon tsami suna sha, musamman da azumi. Amma mai kumfa daga Turai ya fito. Tun cikin shekarun 1700 mutanen Ingila suna yin wani abin sha da citta da sukari, suna ajiye shi kwana da kwanaki har ya yi tsami ya yi kumfa. Wannan kam giya ce, ta kan kuwa bugar. Daga baya, a shekarun 1850, aka fara sayar da wani iri dabam a birnin Belfast na tsibirin Ailan, wanda ba a ajiye shi ya yi tsami, ba shi kuwa da giya. Shi ne Turawa su ke kira jinja-el. Kalmar nan el sunan wata giya ce ta Ingila, amma a nan suna kawai aka ara. A 1904 wani mai haɗa magani a birnin Toronto na ƙasar Kanada, sunansa John McLaughlin, ya fito da nasa iri mai launi fari-fari, wanda bai cika zaƙi ba. Shi ne wanda a ke sayarwa da sunan Canada Dry.

To, in ba a ajiye lemo ya yi tsami ba, ta yaya a ke sa masa kumfa? Amsar wannan tambaya tana wajen iskar da ke cikin kumfar.

Iskar da Ke Cikin Kumfa

Kowace ƙwayar kumfa iska ce, amma ba irin wadda ke kaɗa ganyen itace ba. Masana suna kiranta kabon dayoksaid. Ba ta da launi, ba a kuwa ganinta. Mu kanmu muna fitar da ita duk sa'ad da muka yi numfashi, wuta ma tana fitar da ita in tana cin itace. Wani hali nata shi ne tana narkewa cikin ruwa kamar yadda gishiri ya ke narkewa. In an matsa ta da ƙarfi cikin kwalba aka toshe, sai ta shige cikin ruwan ta ɓuya. Da zarar an cire murfi sai ta sami hanya, ta taso ƙwaya-ƙwaya ta fice. Tsakin da ku ke ji shi ne ƙarar fitarta.

Gani ya kori ji. Ku sami ɗan guntun kanwa, ku niƙa shi, ku zuba a ƙaramin kwano, sa'an nan ku matsa masa lemon tsami. Nan da nan za ku ji yana shuu, ku ga ya tashi da kumfa kamar yana tafasa, alhali kuwa ba wuta. Tsamin lemon ne ya gamu da kanwa, suka saki wannan iska. Wannan gwaji na kallo ne kawai, kada kowa ya sha.

Wani malami na ƙasar Ingila mai suna Joseph Priestley shi ne ya nuna yadda za a sa wannan iska cikin ruwan sha. A 1767 yana zaune a garin Leeds, kusa da wani gidan da a ke dafa giya. Ya lura da wata iska mai nauyi tana kwance bisa manyan tukwanen, in an kai wuta cikinta sai ta mutu. Sai ya ajiye kwanon ruwa bisa tukwanen. Da ya ɗanɗana ruwan daga baya sai ya ji yana tsikarin harshe da daɗi. A 1772 ya bayyana wata dabara wadda ba ruwanta da gidan giya: a zuba wani ruwa mai tsananin tsami a kan alli, a tara iskar da ta fito, a girgiza ta da ruwan sha har ta shige. Kun ga dabararsa 'yar'uwar gwajinmu na kanwa ce. Ruwan da aka sa wa wannan iska shi ne a ke kira ruwan soda. A masana'antu da inji a ke matsa iskar cikin ruwa, babu abin da a ke ajiyewa ya yi tsami.

Aikin Yis

Hanya ta biyu ita ce ta yis. Kun sha ganin iyayenmu mata suna sa yis cikin ƙullun waina ko na fanke, su rufe su ajiye. In an jima sai a tarar ƙullu ya kumbura, ya cika roba, duk jikinsa 'yan ramuka. Me ya hura shi haka?

Ko da ya ke yis kamar gari ya ke a ido, abu ne mai rai, dangin naman kaza. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ainun, in an jera kamar 200 sai su kai tsawon milimita guda. Wani mutumin Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ne ya fara ganinsu a 1680 da madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, amma bai gane masu rai ne ba. Tsakanin 1857 da 1860 ne Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya tabbatar da cewa tsamin da abin sha ya kan yi aikin waɗannan 'yan halittu ne.

Abincin yis sukari ne. In ya sami sukari da ruwa da ɗumi sai ya farka, ya yi ta ci yana hayayyafa. Cikin cin nan ya kan fitar da abu biyu. Na ɗaya ita ce iskar nan da muka faɗa, wadda ke kumbura ƙullu. Na biyu shi ne sinadarin da ke sa giya ta bugar. A waina da fanke da burodi wannan ba abin damuwa ba ne, domin ɗan kaɗan ne, zafin wuta kuma ya kan kore shi. Amma lemo ba a gasa shi, abin da ya shiga cikinsa yana nan.

Ga wani gwaji wanda za ku iya yi tare da malaminku. Ku zuba ruwa mai ɗumi rabin gorar roba, ku sa sukari cokali 2 da yis ƙaramin cokali guda. Kada ku rufe da murfi, sai dai ku ɗaura balan-balan a bakin gorar, ku ajiye a wuri mai ɗumi. Kafin a tashi daga makaranta za ku ga balan-balan ya miƙe ya kumbura. In kun bar shi kwana 2 kuka sansana, za ku ji warinsa ya sāke. Ku zubar da shi, ku wanke gorar.

Yanzu ku yi tunani. A ce wani yaro ya ji labarin a kan yi lemo mai kumfa da yis, ya haɗa citta da sukari da yis cikin kwalbar gilashi, ya toshe bakinta tam, ya tura ƙarƙashin gado ya manta. Yis ba ya sanin kwalba ta cika. Muddin akwai sauran sukari zai ci gaba da aikinsa dare da rana, ga shi kuwa zafin ƙasarmu yana ƙara masa hanzari. Balan-balan ya kan miƙe ya ba iska wuri, amma gilashi ba ya miƙewa. In iska ta fi ƙarfinsa sai ya tarwatse, ɓaraguzansa su watsu cikin ɗaki. Wanda ke kusa yana iya rasa ido. In kuma kwalbar ta jure ba ta fashe ba, to, abin da ke cikinta kullum yana ƙara zama giya. A kwana na fari ɗan kaɗan ne, amma a gida ba wanda ke da ma'aunin da zai san inda ya kai. Addinin Musulunci ya hana shan abin da ke bugarwa, likitoci kuma sun nuna yana cutar da jikin yaro.

Saboda waɗannan dalilai biyu, yis a bar shi wajen ƙullu da gwaji. Lemon da za mu sha da ruwan soda za mu yi shi.

Kayan da A Ke Bukata

Da gwangwanin madara za mu yi awo, don kusan kowane gida akwai shi. Wannan adadi ya isa mutum 10, kowa kofi guda.

Ɗanyar citta, kamar girman tafin hannun babba.
Ruwa mai tsabta, gwangwani 4.
Sukari, gwangwani 1 da rabi.
Lemon tsami guda 4.
Ruwan soda mai sanyi, wajen lita 2.
Tukunya, da cokali, da rariya ko ƙyalle mai tsabta, da gora mai murfi.

A nan akwai babban gargaɗi. Ruwan soda na sha a kwalba ko a gwangwani a ke sayar da shi, a rufe, a kantin da a ke sayar da lemo. Ba shi da wata dangantaka da sodar da a ke yin sabulu da ita, sai dai suna. Waccan guba ce, ta kan ƙone baki da maƙogwaro, ta kan yi kisa. Kada yaro ya kuskura ya taɓa ta. In za ku sayi ruwan soda ku tafi tare da babba.

Yadda A Ke Yi

Da farko ku wanke hannuwanku da sabulu. Ku ɓaɓɓalla cittar, ku wanke ta sosai, gama ƙasa ta kan maƙale tsakanin yatsunta. Ku kankare bayanta da bakin cokali. Cokali ya fi wuƙa, domin fatar kawai ya ke ɗaukewa, ba ya kuwa yanka hannu. Sa'an nan ku daka ta a turmi. Sai dai ku tabbata an wanke turmin, in ba haka ba lemonku zai fito da warin daddawa ko na barkono.

Ku zuba dakakkiyar cittar a tukunya tare da ruwa. Ɗora tukunya da sauke ta aikin babba ne, ku roƙi mahaifiyarku ko yayarku ta taimake ku. In ruwan ya tafasa sai a rage wuta, a bar shi yana dahuwa a hankali kamar minti 15. Daga nan a zuba sukari, a juya har ya narke, a sauke. A rufe tukunyar a bar ta ta huce, don citta ta ƙarasa sakin yajinta da ƙanshinta.

In ya huce sai ku tace, ku matse tukar da kyau. Yanzu ne za ku matsa lemon tsami, kuna tsame 'ya'yansa don suna da ɗaci. Ba a sa shi tun tukunya tana bisa wuta, gama zafi ya kan ɓata ɗanɗanonsa. Abin da kuka samu shi ne dafaffen ruwan citta, mai ɗan kauri, launinsa kamar na zuma. Ku ɗura shi a gora mai tsabta, ku sa a wuri mai sanyi.

Ba a haɗa shi da ruwan soda sai lokacin sha ya yi. Ku zuba dafaffen ruwan citta kashi ɗaya a kofi, ku bi shi da ruwan soda kashi uku. Ku karkata kofin, ku zuba a hankali ta gefensa, ku juya sau ɗaya ko biyu kawai. In kun kwarara shi daga sama, ko kuka yi ta juyawa kamar mai dama fura, iskar za ta gudu ta bar muku ruwa lami. Ku tuna kuma ruwa mai sanyi ya fi mai ɗumi riƙe iska. Shi ya sa kwalbar da ta sha rana ta kan yi ambaliya in an buɗe, nan da nan kuma kumfarta ta mutu.

Ku ɗanɗana. In yaji ya yi yawa ku ƙara ruwan soda, in kuma bai ji ba ku ƙara ruwan citta. Wanda ya ke so yana iya jefa kanumfari 3 ko 4 cikin tukunya tun da fari. Inda ba a sami ruwan soda ba sai a haɗa da ruwan randa mai sanyi wanda aka dafa aka tace. Ba zai yi kumfa ba, amma daɗinsa yana nan.

Ajiya da Sha

Ko ba ku sa yis da hannunku ba, akwai ƙwayoyinsa a cikin iska, da bayan 'ya'yan itace, da jikin kwanon da ba a wanke ba. Shi ya sa gorar kunun aya ko ta zoɓo in ta wuni cikin zafi ta kan kumbura, ta yi tsaki in an buɗe. Dafaffen ruwan cittarku ma haka zai yi in kun yi sakaci. In akwai firji zai iya kai mako guda. In babu, ku yi daidai wanda za a shanye a ranar. Duk sa'ad da kuka ga gorar ta yi tauri, ko ruwan yana kumfa da kansa ba a sa masa soda ba, ko warinsa ya sāke, to, ku zubar. Hasarar gwangwani guda na sukari ta fi ciwon ciki sauƙi.

Citta tana da amfani ga jiki. Ta kan ɗumama mutum da sanyin hunturu, ta kan kuma rage tashin zuciya, kamar wanda ke kama wasu a mota. Lemon da kuka yi a gida ya fi yawancin na kanti yawan citta, gama waɗancan ɗan ƙanshinta kawai a ke sa musu. Duk da haka lemo ba magani ba ne. Wanda ke zazzaɓi, ko amai da gudawa, asibiti ya kamata a kai shi. Sukari kuma in ya yi yawa ya kan ci haƙora, saboda haka kofi guda ya isa, a kurkure baki bayan an sha.

In kun haɗa, ku fara kai wa iyayenku da baƙin da ke gida, sa'an nan ku da ƙannenku ku sha. In wani ya tambaye ku yadda aka yi ya yi kumfa, ku faɗa masa sunan iskar, da inda ta fito, da dalilin da ya sa ba ku yi da yis ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa muka ce citta ba saiwa ba ce?
2. Faɗi garuruwa uku na Jihar Kaduna inda a ke noman citta.
3. Me ke faruwa in an matsa lemon tsami a kan kanwa?
4. Wane ne Joseph Priestley, me kuma ya gano a 1767?
5. Waɗanne abubuwa biyu ne yis ya ke fitarwa in ya ci sukari?
6. Don me ba a toshe yis da sukari cikin kwalbar gilashi?
7. Mene ne bambancin ruwan soda na sha da sodar sabulu?
8. In gwangwani 1 da rabi na sukari ya isa mutum 10, gwangwani nawa zai isa mutum 20?
9. Rubuta cikin littafinka yadda a ke yin lemon citta mai kumfa, daga wanke hannu har zuwa sha.